Ƙwan da Bai Kama Ba: Fashin Baƙi Kan Bidiyoyin Gem, Kimiyya da Fasaha da Yaranmu Ke Kallo

Da bazarar da ta wuce, wani dare da babu kuran a unguwarmu ta Zariya a garin Maraɗi, ina zaune a ƙofar gida ina fifita sai ga ɗan yayata ya zo rungume da kwali. Shekararsa 14, yana koleji. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya buɗe kwalin a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na haska da tocila. A ciki akwai guntun katako, an manna masa ɗan injin nan mai juya faifai da ya ciro daga matacciyar DVD, da maganaɗisu huɗu da ya ɓalle daga tsofaffin lasifikoki, da marfin kwalba, da 'yar wayar tagulla, da wani ƙwan fitila ja mai kamar ƙwayar wake. Kwana shida ya yi yana haɗawa, kuma kuɗin kalacinsa na mako guda a gam da waya suka ƙare.

"Kawu, don Allah duba mini," in ji shi. "Duk abin da mutumin ya yi na yi. Nasa yana juyawa da kansa har ya tayar da fanka, nawa ko motsi. Ina na yi kuskure?"

Ya miƙo mini salularsa. Bidiyon minti takwas ne, hannuwa biyu kawai ake gani, ba fuska ba murya, sai kiɗa. A ƙarshensa maganaɗisu na juya injin, injin na ba da wuta, wutar na kaɗa fanka, ba batir ba kuran. Na kalla sau biyu. A karo na biyu na tsayar da shi daidai inda aka ɗora kayan a kan katako, na nuna wa yaron kaurin katakon, wanda ya isa a rarake shi a ɓoye batir a ciki. Na kuma nuna masa inda hoton ya yi ɗan tsalle, alamar an yanke an haɗa. Yaron bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ƙarya aka shirya masa, kuma wanda ya shirya ta ya riga ya karɓi ladansa tun kafin bidiyon ya iso Maraɗi.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma ba na cikin masu cewa a ƙwace wayoyi a hannun yara a huta. Na ga abin da bidiyoyin nan suka buɗe wa ɗalibaina, abin da ni ban samu ba lokacin da littafi ɗaya muke rabawa mu huɗu. Amma iyaye da yawa suna yi musu rabo biyu: in yaro na kallon gem, wato wasan bidiyo, an ce ɓata lokaci ne, in yana kallon kimiyya ko fasaha an ce karatu ne, a bar shi. Wannan rabon bai yi daidai ba. Duka ukun a tukunya ɗaya ake dafa su, kuma sai an san wanda ke hura wutar tukunyar kafin a gane me ya sa suke da ɗanɗanon da suke da shi.

YouTube ya fara a 2005, bidiyon farko da aka ɗora daƙiƙa 19 ne kacal, wani saurayi tsaye gaban giwaye a gidan namun daji. A 2006 Google ya saye shi a kan dalar Amurka biliyan 1.65, daga 2007 kuma aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo. A dogon bidiyo mai shi yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka saka, kamfanin ya riƙe sauran. Tun 2018 ƙa'idar shiga wannan rabon ita ce mutum ya tara mabiya 1,000, a kuma kalli bidiyoyinsa na tsawon awa 4,000 cikin shekara guda. Ka ga ke nan abin da ake sayarwa shi ne lokacin mai kallo, mai talla kuma shi ne mai saye.

Babban sauyin ya zo a 2012. Kafin nan yawan dannawa ake ƙirgawa, sai kamfanin ya koma fifita bidiyon da ya fi riƙe mutum ya daɗe yana kallo. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, sai masu bidiyo suka koyi jan rai: a nuna maka ƙarshen abu a daƙiƙa biyar na farko, a hana ka shi sai minti na takwas. Hoton bangon ma sana'a ce mai zaman kanta, fuska a buɗe da baki, jan kibiya, manyan haruffa. A 2018 wani babban jami'in YouTube, Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin, ya ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da mutane ke yi suna kallo, ba abin da suka nema da kansu suke kallo ba, abin da na'urar YouTube mai zaɓo wa mutum bidiyo ta miƙo musu ne. Ita kuwa na'urar ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da ta sani shi ne wane bidiyo ne mutane masu kama da kai suka kalla har ƙarshe. Bidiyon wutar banza yana cin wannan jarrabawar fiye da darasin da ya yi bayanin dalilin da ya sa wutar banza ba ta yiwuwa, domin kowa yana son ya ga ƙwan ya kama. A ƙarshen 2021 kuma aka ɓoye adadin waɗanda suka danna alamar rashin so, wadda a da ita ce ke saurin tona asirin irin waɗannan bidiyoyi.

Sai batun gem, wanda shi ya fi ɗaure wa manya kai. Wani dattijo a masallacinmu ya taɓa tambayata: "Malam, in yaro ya yi wasa da hannunsa na gane, amma ya zauna yana kallon wani yana wasa, wannan kuma mene ne?" Na ce masa Baba, ai mu ma haka muke. Mutum nawa ke cika filin kokowa na Kantu ba tare da sun taɓa ɗaura walki ba? In ana dara a gindin bedi, biyu ke yi, goma ke tsaye a kansu kowa na faɗin inda ya kamata a sa ɗa. A gidan gem na unguwa ma manet, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, biyu ne, benci kuwa cike, masu kallo sun fi masu bugawa, kuma ihunsu ya fi na mai cin ƙwallon. Kallon gwani yana aikinsa tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya sauya shi ne gwanin yanzu yana Suwidin ko Indonesiya ko Barazil, kuma filin ba ya tashi da magariba.

Harkar ta girma ƙwarai. Wani ɗan Suwidin da ake kira PewDiePie ya fara ɗora wasanninsa a 2010 yana surutu a kai, zuwa 2019 ya tara mabiya miliyan 100. Twitch, dandalin da ake nuna wasa kai tsaye, ya fara a 2011, Amazon ya saye shi a 2014 a kan kusan dalar Amurka miliyan 970. A ƙarshen 2021 YouTube ya sanar cewa an kalli bidiyoyin wasa ɗaya tak, Minecraft, sau tiriliyan guda. A nan wajenmu kuwa abin da ya fi tashe shi ne ƙwallo, wato PES da aka mayar eFootball a 2021, da FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023, sai PUBG da Free Fire. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, ya samu karɓuwa ne don an gina shi yadda ƙaramar waya za ta iya ɗauka, kuma zagaye ɗaya bai cika wuce minti goma ba.

Akwai alheri a ciki, ba zan ɓoye ba. Ina da ɗalibin da Turancin Ingilishinsa ya fi na ajin gaba ɗaya, kuma a bakin masu sharhin gem ya tsince shi. A cikin Minecraft akwai masu haɗa na'urar lissafi sukutum da wata irin waya ta cikin wasan, kuma tunanin da ke bayanta shi ne ainihin tunanin da kwamfuta ke aiki da shi. Yaron da ya bi irin wannan bidiyon har ya gina nasa ya yi karatu, ko da ba a kira shi da wannan sunan ba.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen kuɗi. Yawancin waɗannan wasannin kyauta ake sauke su, ribar kamfanin tana cikin 'yan kayan da ake saya a ciki: riga, bindiga mai ado, ɗan wasan ƙwallo na musamman. Mai bidiyo zai zauna ya buɗe akwatunan sa'a ɗari a gabanka yana ihu, bai gaya maka cewa kuɗin da ya kashe a bidiyon zai dawo masa ta hanyar talla ba, wani lokacin ma kamfanin ne ya ba shi. Yaro kuma ya ɗauki jaka biyu na aiken uwarsa ya gwada tasa sa'ar. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan da ake saya da kuɗi caca ce. Mu ma da muka san hukuncin caca a addini bai kamata adon da aka yi mata ya rufe mana ido ba. Bayan wannan ga 'yan damfara masu bidiyon "yadda za ka samu dayamon kyauta", wato kuɗin cikin wasan, waɗanda ke tura yaro wani shafi ya rubuta lambar sirrinsa ta Facebook, washegari ya tarar an ƙwace asusun ana roƙon kuɗi da sunansa.

Game da kamu da wasa, a daina saurin yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka, jerin da ya fara aiki a 2022, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ga hakan ya ɗauki kamar wata 12. Yaron da ya buga awa biyu ranar Lahadi ba mara lafiya ba ne. Wanda ake tasa da asuba ido jajir, makinsa na zubewa, ya daina zama cin tuwo da 'yan'uwansa, shi ne abin dubawa.

Bidiyoyin fasaha ba zan daɗe a kansu ba. Mafi yawansu sharhin sabbin wayoyi ne, kuma akwai masu yi da gaskiya da ƙwarewa, irin su Marques Brownlee na Amurka da Fisayo Fosudo na Legas. Sai dai wayoyin sau da yawa kamfanoni ne ke aiko su kafin su shiga kasuwa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko mai gaskiyar ma, a ɗaki mai sanyi yake gwajinsa. Ba zai gaya maka yadda batirin zai yi a watan Afrilu a Maraɗi ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, alhali masu ƙera wayoyi da kansu suna cewa kada a yi aiki da su a zafin da ya wuce 35. Ba zai gaya maka yadda ƙurar hunturu ke toshe bakin caji ba, ko in gilashin ya fashe za a samu irinsa a kasuwa. Mu kuwa Tecno da Itel da Infinix ne a aljihunmu, duka na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, Transsion, kuma tambayoyinmu ke nan.

Amma a wannan ɓangaren ne na ga amfani mafi bayyana. Akwai wani mai gyaran waya kusa da babbar kasuwa da nake kai wa aiki. Ranar na same shi ya kwance wata waya da ta daina caji, ya jingina tasa wayar jikin gwangwanin dalma, wani Ba'indiye yana bayani da harshen da ko kalma ɗaya bai sani ba. Sai ya kalli daƙiƙa goma, ya tsayar, ya ɗora tsinken mita a daidai wurin da aka nuna, ya karanta, ya girgiza kai, ya mayar da bidiyon baya. Sau bakwai na ƙirga. A na ƙarshe ya ɗaga wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba da hantsaki ya ce, "Malam, ga ɓarawon." Bai kalli bidiyon har ƙarshe ba ma. Wannan mutumin, a lissafin na'urar YouTube, ba mai kallon kirki ba ne, amma shi ya fi kowa cin moriyar abin.

Yanzu ga inda ya fi damuna a matsayina na malami, wato bidiyoyin kimiyya na gaskiya, waɗanda babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Suna da kyau ƙwarai. Masu tashar Kurzgesagt na birnin Munich a Jamus suna zana sararin samaniya da ƙwayoyin jiki yadda ba za ka so ka ƙifta ido ba. Mark Rober injiniya ne da ya yi aiki a hukumar NASA a kan motar Curiosity da aka aika duniyar Mars. Ba da su nake faɗa ba. Abin da nake so a gane shi ne, jin cewa ka fahimta daban, fahimtar daban, kuma wanda ya fi bayyana wannan shi ma ɗan cikin harkar ne.

Derek Muller, mai tashar Veritasium, kafin ya zama mai bidiyo ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta Ostireliya a kan wannan tambayar: shin ana koyon kimiyyar lissafin motsi daga bidiyo? Ya yi wa ɗalibai jarrabawa mai tambaya 26, matsakaicin makinsu ya tsaya wajen 6. Ya nuna musu bidiyo mai bayani tsaf, ba kwana-kwana. Suka ce bayanin ya fita sarai, sun gane. Aka sake jarrabawar, makin bai wuce 6 da ɗan ɗori ba, abin da ya ƙaru kawai shi ne tabbacin da suke da shi a kan amsoshinsu. Wasu kuma ya nuna musu wani bidiyon daban, inda ake fara kawo kuskuren da mutane suka saba yi, a yi gardama a kansa, sannan a warware. Waɗannan suka ce bidiyon ya rikita su, amma makinsu ya tashi zuwa wajen 11. Dalilin shi ne ba wanda ke zuwa wurin kimiyya da kai fanko. Kowa ya riga ya yi wa duniya bayani a ransa tun yana ƙarami. In bayanin da ake yi maka yana tafiya sumul, ba ka ma lura cewa ya saɓa wa naka ba, sai ka ji kamar abin da ka sani ne ake maimaitawa.

Na gwada wannan a ajina. Na tambayi ɗalibai me ya sa ruwan randa ke sanyi. Kusan duka suka ce don yumɓu abu ne mai sanyi. Cikinsu har da waɗanda suka kalli bidiyoyi a kan zafi da tururi, suna iya jero mini kalmomin da Faransanci. Sai na ce to, in haka ne, me ya sa randar da aka shafa wa fenti ko siminti a baya ba ta sanyaya ruwa kamar sauran? Me ya sa kuma randa ɗaya ta fi sanyi da rani, lokacin da iska ta bushe, fiye da tsakiyar damina? Aji ya yi tsit. Daga wannan shirun ne karatun ya fara. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na ɗauke shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ja zafi ya tafi da shi, zafin kuwa daga ruwan da ke ciki yake jawowa. In an toshe ƙofofin aikin ya tsaya. In iska ta riga ta ƙoshi da laima kamar a watan Agusta, ba ta ɗaukar da yawa. Da wannan ilimin ne wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Haka abin ɗan yayata yake. Kuskuren da ke ransa, wanda ke ran manya da yawa, shi ne maganaɗisu yana da wani ƙarfi a ciki da ba ya ƙarewa, in an iya jera shi zai yi ta turawa har abada. Maganaɗisu yana ja, amma duk abin da ya ba ka wajen jawo ƙarfe sai ka biya shi wajen ɓamɓarewa, don haka in abu ya zagaya ya dawo inda ya fara, ribar sifili ce, ga kuma gogayya na cin nata. Makamashi ba a ƙirƙirar sa, sauya masa kama ake yi. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya na haifar da wuta, amma sai an samu mai motsawar. Wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa garin Gazawa, can a wani wuri ruwa ne ke faɗowa a madatsa irin ta Kainji, ko iskar gas ke ƙonewa tana juya inji. Lokacin da aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar a watan Agustan 2023 kowa a garin nan ya ga cewa wuta tana da tushe. Kuma irin wannan ƙuncin ne ke sa bidiyon wutar banza ya fi cin kasuwa a wurinmu fiye da inda wuta ba ta ƙiftawa. Na cajin waya da lemun tsami ma haka ne: lemu da tagulla da tutiya suna ba da kusan bolt ɗaya da gaske, amma ƙarfin da ke gudana bai kai ko kusa da abin da waya ke buƙata ba. Ɗan gaskiyar da ke ciki shi ke sa ƙaryar ta zauna.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu, wadda ban cika jin ana maganarta ba. Saboda tsadar data da raunin rezo, bidiyo da yawa ba daga tushensu muke kallon su ba. Ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender a fada ana shan shayi, ko ya shigo ta WhatsApp, ko a je wurin masu turi a cika kati. Kafin ya iso hannun yaro ya rabu da sunan tashar da ta yi shi, da ranar da aka ɗora shi, da sharhin da ke ƙarƙashinsa inda wataƙila mutum ɗari sun riga sun rubuta cewa ƙarya ne. Ya zo ba uwa ba uba. Ga shi an matse shi don ya yi sauƙin turawa, hoton ya dushe, siririyar wayar da mai kallo a babban allo zai hango ta ɓace. Bidiyon ɗan yayata ta haka ya zo masa. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke haɗa bidiyo daga rubutu kawai, ko ɓoye batir a katako ma ba a buƙata. Gani ya kori ji, haka muka gada, amma ganin allo bai kai wannan matsayin ba sai an san wanda ya ɗauka, an kuma ga ya nuna ma'auni, ya faɗi inda abin nasa ya gaza.

Sai harshe. Kusan duk abin da na ambata da Ingilishi ne ko Faransanci ko Indiyanci. Yaron da ke fama da harshen sai ya koma kallon hannu kawai, kuma masu bidiyon ƙarya sun san haka, shi ya sa nasu ba murya, don ya shiga kowace ƙasa. Mai gaskiya yana buƙatar magana don ya yi bayani, maƙaryaci kiɗa ya ishe shi. Akwai matasa a Nijar da Najeriya da suka fara bayanin waya da kwamfuta da Hausa, ina jinjina musu, amma hanyar ba ta da sauƙi. Masu talla sun fi biyan kuɗi mai kauri a kan mai kallo a Amurka ko Turai fiye da mai kallo a yankinmu, don haka kallo dubu a nan ba ya kawo abin da kallo dubu ke kawowa can. Wannan ke tura wasu karɓar tallan caca ko na maganin da ba a san asalinsa ba, wasu kuma su gaji su koma barkwanci.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan aikin suna zube a ƙofar gidanmu. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Wannan kaɗai bidiyo ne na minti goma da zai riƙe kowa. Sassaben zamani, dabarar barin kututture ya tofo a gona, a jihar nan ta Maraɗi ta kafu tun wajen 1983 tare da masanin noma Tony Rinaudo da manoman karkara, ta bazu a kan hekta kusan miliyan 5, har ƙasashen duniya na zuwa koyo. Buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka yi aiki a kansa, ba guba a cikinsa, iskar da ƙwaro ke shaƙa ce ke ƙarewa ya mutu. Abdou Moumouni, masanin hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, amma ɗalibaina sun fi sanin masu bidiyon Amurka a kansa. Ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo cike da ɗaliban kimiyya da noma da likitanci, kowanne da waya mai kyamara a aljihu. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma ina ganin ɗaya daga cikin wuraren da za a gane nauyin wannan matsayin shi ne ranar da yaro zai nemi dalilin husufin wata a wayarsa ya samu mai yi masa bayani da harshen da yake mafarki da shi.

Daren nan ban bar ɗan yayata ya tafi da kwalinsa haka ba. Muka ɓamɓare maganaɗisun huɗu muka ajiye gefe. Na ɗauko mitar da nake kai wa aji, muka haɗa ta da wayoyin ɗan injin, na ce ya naɗa zare a bakinsa ya fizga. Lambobin mitar suka yi tsalle suka koma sifili. Muka cire mitar muka sa ƙwan, ya fizga, bai kama ba. Na ce ya juya ƙafafun ƙwan, domin irinsa ta hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta. Ya sake fizga, sai ga ja ya haska tafin hannunsa na ɗan lokaci ya mutu. Ya yi ta maimaitawa har zaren ya tsinke.

"Kawu, to in na yi ta juyawa zai caja waya?"

Muka yi lissafin a ƙasa da tsinke, ina haska masa. Batirin wayarsa yana ɗaukar abin da ya kai wat 19 na awa guda. Ko da ɗan injin zai ba da rabin wat, wanda da wuya ya kai, sai ya yi awa 38 yana juyawa ba tsayawa. Ƙaramin faifan sola mai wat 10 kuwa zai gama aikin cikin 'yan awoyi a ranar Maraɗi. Ya daɗe yana kallon lambobin.

Bayan sati biyu ya turo mini bidiyo na minti ɗaya da rabi. Ya kifa keken babansa, ya jingina bakin injin jikin tayar baya, ƙanwarsa na juya feda da hannu, ƙwan na ci ba ƙiftawa. Ana jin muryarsa da Hausa, akuya na kuka a bayansa, yana cewa ku duba, in ta daina juyawa wutar za ta ɗauke, sannan ya ce mata ta tsaya, ƙwan ya mutu. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuto yana roƙon in ara masa mitar zuwa Asabar, yana so ya auna ko in an ƙara gudun tayar lambar za ta ninka.